Cinikin Biri a Sama: Sharhin Wasannin Kwamfuta Kafin Fitowarsu da Halin Mai Saye a Ƙasar Ƙonni

Gabatarwa

Duk malamin da yake koyarwa a koleji ko lise a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya lura cewa wasannin kwamfuta da na salula sun shiga hirar ɗalibansa kamar yadda finafinan Kano suka shiga hirar yayyensu shekaru 20 da suka wuce. Da marece za a tarar da su a ƴan shagunan da ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a akwatin talabijin, wasu kuma sun duƙufa a kan salula. Daga cikinsu akwai waɗanda burinsu ya wuce nan, suna tara kuɗin ƙodagon albasa, ko su lallashi wani yayansu da ke ci-rani, domin su mallaki kwamfuta tasu ta kansu. Mafi yawan manya suna ɗaukar abin shiririta, saboda haka ba kasafai ake tambayar yaro yadda ya yanke shawarar irin na'urar da zai saya ba, balle a tambaye shi maganar wa ya dogara a kanta.

Idan aka bincika za a tarar cewa ya dogara ne a kan rubutu iri biyu. Na farko shi ne takardar sharuɗɗa, wadda kamfanin da ya ƙirƙiri wasa yake fitarwa domin ya bayyana irin ƙarfin kwamfutar da wasan yake buƙata. Na biyu shi ne sharhin da ƴan jarida da masu bidiyon YouTube suke yi a kan wasan, wanda yakan isa kunnen yaro da Faransanci ko Ingilishi, ko ta bakin abokinsa da ya ji ya fassara masa. Duka biyun ana shirya su ne tun kafin wasan ya shiga hannun masu saye. Manufar wannan maƙala ita ce ta karanta waɗannan rubuce-rubuce kamar yadda muke karanta kowane rubutu a aji: wa ya rubuta, domin wa, kuma a cikin wane hali? Abin da za ta nuna shi ne, sharhin da aka yi kafin fitowar wasa shaida ce a kan na'urar wani, a ƙarƙashin sharuɗɗan mai kaya, kuma wanda ya fi kowa cutuwa idan shaidar ta kauce shi ne mai saye irin na ƙasarmu.

Abin da takardar sharuɗɗa take faɗa da abin da take yi wa shiru

Takardar sharuɗɗa takan zo da jeri biyu: mafi ƙarancin abin da wasa zai iya tashi da shi, da kuma abin da kamfani yake ba da shawarar a tanada. A kowane jeri ana ambaton abubuwa huɗu. Akwai ƙwaƙwalwar na'ura, wadda take yin lissafi. Akwai ram, wato faifan da na'ura take baza aikin da ke hannunta a kai. Akwai katin hoto, wanda yake zana abin da ido yake gani. Sannan akwai rumbun ajiya, wanda ake auna girmansa da giga. A wasannin zamani katin hoto shi ne gaba da kowa, kuma shi ne ya fi tsada.

Matsala ta farko ita ce kalmar "ƙaranci" ba ta da ma'ana guda da kowa ya yarda da ita. Motsin da ake gani a wasa hotuna ne da suke bin juna da sauri. Idan sun kai 60 a daƙiƙa guda sai wasa ya tafi sumul, idan 30 ne ana iya haƙuri, idan kuwa sun sauka ƙasa da 20 sai mutumin cikin wasa ya riƙa tafiya kamar mai ɗingishi. Sau da yawa takardar ba ta faɗin hotuna nawa za a samu. Kamfani yana iya cewa wasa ya tashi, kuma bai yi ƙarya ba, alhali ba mai iya buga shi cikin jin daɗi.

Matsala ta biyu ita ce suna. Galibin kwamfutocin da suke shigowa Ƙonni na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta Legas ko Kwatano, suka ratso Kano da Sakkwato ko Yamai. An ƙera su domin rubutu da lissafi, kuma mafi yawansu ba su da katin hoto mai zaman kansa. Mai shago zai nuna wa yaro tambarin da ke jikin na'ura ya ce masa, "Core i5 ce." Yaro ya duba takardar wasa ya ga an rubuta Core i5, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Ba wanda ya gaya masa cewa kamfanin Intel ya fara amfani da wannan suna tun 2009, kuma tsakanin zubi na 2 da ya fito a 2011 da zubi na 12 da ya fito a 2021 akwai tazarar da ke tsakanin jaki da ingarma. Haka kuma katin hoton da aka sa wa kwamfutar hannu yakan gaza na kwamfutar tebur ƙarfi, ko da sunansu ɗaya ne.

Matsala ta uku ita ce sharuɗɗan ba sa tsayawa wuri guda. Wasan ƙwallon FIFA, wanda samarinmu suka fi sani, ya nemi giga 50 na rumbu a fitowar FIFA 22, amma da aka kai FIFA 23 a shekarar 2022 sai ya nemi giga 100 da katin hoto mafi ƙarfi. Wanda ya sayi na'ura bara domin wasan bara, bana sai ya tarar an ɗaga katanga.

Abu na ƙarshe da takardar take yi wa shiru shi ne ƙasa da yanayi. An auna sharuɗɗan ne a ɗaki mai sanyi wanda wuta ba ta yankewa. Ƙwaƙwalwar na'ura da katin hoto an ƙera su ne ta yadda idan suka yi zafi sai su rage wa kansu gudu domin kada su ƙone. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Ƙonni, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙofofin iska, na'urar da ta cika sharaɗi a takarda sai ta koma ƙasa da shi a aikace. Batun wuta ma haka yake. Katin RTX 3080 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2020 a kan dala 699 yana jan wat 320 shi kaɗai, wato abin da fankar rufi huɗu suke ja. Duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, mutanen yankin ba su manta da halin da aka shiga ba lokacin da Nijeriya ta katse wa Nijar wuta daga watan Agusta 2023 har zuwa watan Maris 2024. Babu takardar sharuɗɗan da ta taɓa lissafa kuɗin man injin wuta.

Yadda ake rubuta sharhi kafin wasa ya fito

Ɗan jarida ba shi da hanyar ganin wasan da bai fito ba sai idan mai shi ya ba shi. Kamfani ne yake zaɓen wanda zai bai wa, da ranar da zai ba shi, da irin na'urar da za a gwada wasan a kanta. Tare da wasan akan haɗo yarjejeniyar takunkumi, wadda take hana buga sharhi sai ranar da kamfani ya yanka. Adalci ya sa a faɗa cewa takunkumin yana da amfaninsa, domin yana hana rige-rige, yana bai wa kowane marubuci lokacin ƙare wasa kafin ya yi magana. Amma igiyar tana hannun mai kaya, kuma an sha ganin inda ya ja ta domin amfanin kansa. A ranar 11 ga watan Nuwamba 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da Assassin's Creed Unity, wasan da aka gina a kan juyin juya halin Faransa, kuma takunkumin bai ƙare ba sai bayan awa 12 da fara sayarwa. Kafin masu sharhi su sami damar faɗin kurakuran da suka cika wasan, ɗimbin jama'a sun riga sun biya.

Bayan takunkumi akwai maganar abinci. Jaridun wasanni suna rayuwa ne da kuɗin talla, kuma masu ba da tallar su ne kamfanonin da ake yi wa sharhi. A watan Nuwamba 2007 jaridar intanet ta GameSpot ta sallami babban marubucinta Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya bai wa wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallar wasan ta cika shafin. A 2012 shi da kansa ya tabbatar cewa korar tasa tana da nasaba da matsin lambar masu talla a kan maki. A watan Yuli 2016 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta cimma sulhu da kamfanin Warner Bros. a kan zargin cewa ya biya masu bidiyon YouTube domin su yabi wasan Shadow of Mordor na 2014, tare da sharaɗin kada su nuna kurakuransa, ba tare da an bayyana wa masu kallo yadda ya kamata cewa talla ce ba. Hausawa sun daɗe da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shi kansa makin ya zama kaya. Akwai shafi mai suna Metacritic da yake tattara makin jaridu ya fitar da matsakaici cikin 100, kuma wasu kamfanoni sun ɗaura ladan ma'aikata a kan wannan adadi. Kamfanin Obsidian, wanda ya shirya Fallout: New Vegas a 2010, ya rasa ƙarin kuɗin da aka yi masa alkawari saboda ya sami 84 maimakon 85. Inda maki guda yake da irin wannan daraja, ba abin mamaki ba ne a ga kamfani yana yin iyakar ƙoƙarinsa domin ya tabbatar cewa mai sharhi ya ga fuskar kaya mai kyau kawai.

Darasin Cyberpunk 2077

Babu misalin da ya tara waɗannan illoli wuri guda kamar Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt da ke Warso a ƙasar Foland. An yi shekaru ana tallar wasan, har mutane miliyan 8 suka biya kuɗinsa tun bai fito ba. An ɗage takunkumi ranar 7 ga watan Disamba 2020, kwana uku kafin fitowa, kuma matsakaicin makin farko ya kai wajen 90. Sai dai an bai wa masu sharhi zubin kwamfuta ne kaɗai, an hana su zubin PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda su ne miliyoyin masu saye suke da su a gida. An kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu, sai wanda kamfani ya tanada. Galibin manyan jaridu suna gwaji ne a kan na'urori masu ƙarfi, alhali ƙididdigar kasuwar Steam ta wancan lokaci ta nuna cewa katin da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne GTX 1060, wanda ya fito tun 2016.

Da wasan ya fito ranar 10 ga watan Disamba sai gani ya kori ji. A kan tsofaffin na'urori hoto yana tsinkewa, mutane da motoci suna ɓacewa, wasa yana mutuwa ana tsakiyar bugawa. Ranar 14 ga wata kamfanin ya nemi gafara a kan rashin nuna wasan a waɗannan na'urori kafin a saya. Mako guda bayan fitowa kamfanin Sony ya cire wasan daga kasuwarsa ya yi tayin mayar wa jama'a kuɗinsu, kuma bai maido shi ba sai ranar 21 ga watan Yuni 2021. Shekaru biyar kafin haka an ga irin wannan ta ɗaya ɓangaren: a watan Yuni 2015 an yabi Batman: Arkham Knight bisa zubin PlayStation 4, amma zubin kwamfuta ya fito a lalace har Warner Bros. ya dakatar da sayar da shi, bai maido ba sai watan Oktoba.

Abin lura a nan shi ne yawancin masu sharhin ba ƙarya suka yi ba. Sun faɗi abin da suka gani, wasu ma sun ambaci kurakurai. Marubuciyar GameSpot da ta bai wa wasan maki 7 cikin 10 ta sha zagi daga masoyan da ko taɓa wasan ba su yi ba, wanda ya nuna cewa mai sharhi yana tsakanin wuta biyu, ta mai kaya da ta masu saye da suka riga suka ba da zuciyarsu. Laifinsu shi ne da yawa daga cikinsu sun yarda sun ba da maki a kan abin da aka zaɓa aka nuna musu, kuma makin ya bazu duniya ya bar bayanin a baya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma a wannan shari'a makashi da maratayi kowa yana da rabonsa.

Akwai ƙarin darasi game da sharuɗɗa. A 2020 kamfanin ya ce ram giga 8 da katin GTX 780 da tsohon rumbu mai juyawa sun isa. A 2023, bayan an yi wa wasan gyara mai yawa har ya sami yabon da ya cancanta, sai aka ɗaga mafi ƙarancin zuwa ram giga 12 da katin GTX 1060 da rumbu na zamani marar juyawa. Wato ko wanda ya bi takarda sau da ƙafa a ranar saye, bayan shekaru uku takardar ta tafi ta bar shi.

Inda asarar take sauka a ƙasarmu

Mai karatu yana iya cewa wannan rigimar Turawa ce, mene ne namu a ciki? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin mai saye na can da na nan. A 2020 kuɗin irin wannan wasa a Turai yuro 60 ne, wato sefa 39,000 da ƴan kai, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar a shekarar 2020 sefa 30,047 ne, kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a 2024. Gaskiyar magana, ko da ba ta yi daɗin ji ba, ita ce yawancin samarinmu ba sa sayen wasa daga mai shi; suna zuwa wurin masu turi ne a kwafa musu a kan ƴan kuɗi kaɗan, kamar yadda ake tura fim da waƙa. Wannan tauye haƙƙin mai aiki ne, kuma ya kamata a faɗa wa yara haka. Amma yana nufin cewa kuɗin da sharhi yake fitarwa daga aljihun ɗan Galmi ko ɗan Tsarnawa kuɗin na'ura ne, wanda ya ninka kuɗin wasa sau da yawa. Bature ya yi asarar farashin wasa guda, namu kuwa ya yi asarar noman rani guda.

Na biyu, mai saye na can yana da ƙofar komawa. Tun watan Yuni 2015 kasuwar Steam ta yarda a mayar da wasa cikin kwana 14 muddin ba a buga shi ya wuce awa 2 ba. Wanda ya tsallaka iyaka ya sayo kwamfuta a Sakkwato, ko ya aika aka sayo masa a Kano, kayan da ya bar shago ba ya komawa.

Na uku, kuma shi ne wanda ba a cika lura da shi ba, kamfanonin yau sun saba da fitar da wasa da sauransa, su riƙa aiko da faci ta intanet daga baya. Masu sharhi ma sukan sassauta hukunci bisa alkawarin cewa za a gyara ranar fitowa. Facin kuwa yakan kai giga masu yawa, kuma wasan da aka kwafa ba ya karɓarsa kai tsaye. Saboda haka wasan da ya iso Ƙonni a lalace yakan zauna a lalace, ko da a can an daɗe da gyara shi. Masoyan wasan ƙwallon PES sun san wannan. Lokacin da kamfanin Konami na Japan ya sauya masa suna ya fitar da eFootball 2022 a ƙarshen watan Satumba 2021, wasan ya zo da kurakuran da suka sa ya faɗa ƙasan jerin makin masu saye a Steam, har kamfanin ya nemi gafara. Ba banza ba ne ake ganin samari da yawa sun riƙe tsofaffin zubin PES da ƙananan na'urori suke iya ɗauka, wasu kuma sun koma wasannin salula irin su Free Fire, wanda aka ƙera tun farko domin wayoyi marasa ƙarfi.

Kirari, talla da shaida

Al'adarmu ba baƙuwa ba ce ga maganar da ake yi wa abu kafin a gan shi, kuma ta ware wa kowace irin magana matsayinta. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ɗan kokowa yana shiga fili ya yi kirari, makaɗa su zuga shi, jama'a su yi shewa, amma ba a taɓa miƙa wa wani takobi saboda kirarinsa ba. Kowa ya san kirari kirari ne, shi ya sa ba ya cutar da kowa.

A kasuwar dabbobi ta Badagishiri, kamar sauran kasuwanninmu, dillali yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma kowa ya san yana cin la'ada. Abin da ya sa ake yarda da shi shi ne yana nan gobe. Idan dabba ta fito ta sata ce, ko an ɓoye wani aibi, shi za a nema, kuma sunansa ne jarinsa. Haka mai sayen albasar Galmi ba ya tsayawa a bakin buhu inda aka jera manya, sai ya sa a zazzage ya ga na ƙasa. Idan muka auna sharhin kafin fitowa da waɗannan ma'aunai za mu ga inda ya gaza: yana sanye da rigar shaida, la'adarsa ba a fili take ba, ba a neman mai shi idan kaya ya ɓaci, kuma bakin buhu kaɗai aka buɗe masa.

Mun ma taɓa ganin ɗan'uwan wannan al'amari a gida. A shekarun 2000, lokacin da kaset ɗin finafinan Kano suke shigowa Ƙonni ta iyakar Illela ta Nijeriya, kowane kaset yana farawa da tallar finafinan da ke tafe, kuma galibi waƙa da rawa aka tsinto aka jera. Masu kallo da dama sun sayi fim saboda tallarsa, suka tarar waƙar ce kawai abin kallo a ciki. Mujallu irin su Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, sun buɗe fagen da ake tattauna finafinai a rubuce, amma duk mai rubutu a irin wannan fage ya san wahalar faɗin aibin aikin mutumin da gobe za ka nemi hira da shi. A fagen adabi ma, jawabin da ake yi ranar ƙaddamar da littafi, gaban marubuci da manyan baƙi, mun saba kiransa sharhi alhali yabo ne. Don haka kafin mu nuna wa ƴan jaridar wasanni yatsa, ya kamata mu amsa cewa cutar ɗaya ce.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Hana yara wasa ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne maganin wannan matsala ba. Abin da malami zai iya yi shi ne ya ɗauki sharhin wasa ya shiga da shi aji a matsayin matanin nazari, domin ɗalibai sun fi kowa sha'awarsa. A koya musu su tambayi kowane sharhi: an rubuta shi kafin fitowa ne ko bayanta? Wa ya bai wa marubucin wasan? A kan wace na'ura ya gwada, kuma ta yi kama da tawa? Hoton da nake gani shi ya ɗauka, ko kamfani ya ba shi? Yaron da ya iya yi wa sharhin wasa waɗannan tambayoyi zai iya yi wa tallar magani da alkawarin ɗan siyasa da saƙon da aka turo masa ta WhatsApp.

Akwai kuma nasiha ta zahiri da ta kamata iyaye su ji. Kada a sayi na'ura saboda wasan da bai fito ba. A jira makonni bayan fitowa, a nemi gwajin masu auna wasa a kan na'urori iri-iri, kamar Digital Foundry na Ingila, da bidiyon talakawan masu saye da suke da irin na'urar da ake shirin saye. A ɗauki jerin shawara a matsayin mafi ƙaranci. A tambayi zubin ƙwaƙwalwa da sunan katin hoto, sannan a sa mai shago ya kunna wasan a bar shi ya yi rabin awa yana gudu, da rana, kafin a ƙirga masa kuɗi.

Ga ƙungiyoyin al'adu kuwa akwai fage a buɗe. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, nauyin samar da kalmomi da rubutu a kan abubuwan zamani ya ƙaru a wuyanmu. Ƙungiyar matasa a Malbaza ko Illela tana iya gwada wasa a kan kwamfutocin da ake samu a kasuwarmu, cikin zafinmu, ta rubuta shafi guda da Hausa a karanta a rediyon gari, ta faɗi na'urar da ta yi amfani da ita da yadda wasan ya zo hannunta. Irin wannan sharhi ne kuma zai iya yi wa masu ƙirƙira na nahiyarmu adalci, kamar kamfanin Kiro'o Games na Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016 bayan ya sha fama da yankewar wuta a Yawunde, domin wanda ya san halin da aka yi aiki a ciki shi ya fi dacewa ya auna shi.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa takardar sharuɗɗa maganar mai kaya ce, sharhin kafin fitowa kuma shaida ce da aka taƙaita wa mai ita abin da zai gani. Ana iya amfana da su duka biyu idan an san iyakarsu. Mai saye na ƙasar Ƙonni, wanda na'urarsa ta hannu ce, wutarsa ba tabbas, kuma ba shi da inda zai mayar da kaya, shi ya fi kowa buƙatar sanin wannan iyaka, kuma makaranta ce wurin da ya kamata ya koye ta. Mu kuma masu rubuta sharhi da Hausa, a kan littafi ne ko fim ko wasa, ya wajaba mu riƙa buɗe rubutunmu da bayanin yadda aikin ya zo hannunmu da alaƙarmu da mai shi, domin ɗalibin da muka koya wa tambaya zai fara ne da mu. Allah Ya sa mu dace.